Lambar da Yaya ta Zo da Ita

Da aikin Hajji na shigo Jidda, ban koma ba. Ban zo da sana'a ba sai ƙarfin jikina, na faɗa wajen masu kwance tsofaffin motoci a kusa da unguwar masana'antu. A nan na koyi gane lafiyar mota daga ƙarar injinta, har na kai ina saye ina sayarwa. Ban taɓa ƙaunar mota ba. A saya da sauƙi, a sayar da riba, shi ke nan abin da na sani. Guda ɗaya ce na ƙi rabuwa da ita, ita ma ba don kyanta ba.

Asali motar ta wani dattijo ce da muke kira Baba, haifaffen Jidda, kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa. Doguwa ce ƙirar Amurka, koriya, gabanta kamar shimfiɗar gado. Lambarta irin ta dā ce, sunan Jidda a sama, ƙidaya huɗu a ƙasa. Duk shekara idan alhazai suka fara sauka, Baba yakan ajiye ta a wata kwana a unguwar Bagdadiyya, gefen shagon wani mai shayi Bahaushe, har sai jirgin ƙarshe ya tashi. Mu da muka zauna ba takarda ba mu da adireshi. Yau kana Mahjar, gobe a yi kame ka sauya unguwa. Sai lambar motar nan ta zama adireshinmu. Ka aika gida ka ce duk wanda zai zo a rubuta masa lamba kaza, ya nemi koriyar mota a Bagdadiyya. Wasiƙa da kaset, ƙullin yaji da daddawa, labarin haihuwa da na mutuwa, duk ta tagar motar nan suke shigowa. Ta nan na ji rasuwar mahaifiyarmu, wata biyar bayan an binne ta.

Yayata ce ta aiko da wannan labari. Ita ta goye ni ina ƙarami. Ba ta karatu, don haka kaset take yi mini duk shekara, ta ba ni labarin kowa har da awakinta, kuma kullum da magana ɗaya take rufewa: "Ina nan tafe da yardar Allah. Kada dai a gusar da motar."

Da Baba ya rasu, 'ya'yansa suka sayar mini da ita, suka ce ya bar wasiyya a ci gaba da kai ta kwanarta. Lokacin na samu iƙama, wato takardar zama, da kafili mai tsaya mini, ina da filin sayar da motoci. Na ci gaba da kai ta, sai dai wasiƙu sun ragu, don mutane da yawa sun samu akwatin gidan waya.

Sai aka fito da sabbin lambobi masu haruffa. Akwai wani abokina mai bin takardun motoci a ofishin hukuma, shi ma haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Ya same ni ina goge koriyar.

"Ya Alhaji, akwai wata lamba a hannu, ƙidayarta uku duk iri ɗaya. Ka maƙala wa tsohuwar nan, wallahi yaran masu hali sai sun biyo ka har gida."

Na ce, "Tsohuwar lambar fa, an hana ta ne?"

"Ba a hana ba tukuna. Sai takardar motar ta ƙare, da sauranka shekara biyu. Amma wannan ba za ta jira ka ba. Kai da ka sayar wa Bayamane mota ba birki, yau kake tausayin gwangwani?"

"Da birkinta na sayar masa. Tuƙinsa ne ya cinye shi."

"To yalla, ka yanke. Zuwa Asabar halas, an gama."

Kwana uku ina juya maganar, kuma lissafin ɗan kasuwa na yi. Tsohuwar lamba ko ba jima ko ba daɗe za a karɓe ta. Sabuwar za ta ɗaga darajar motar. Wanda ya san koriyar kuma ai ya san ta. Na ce zan aika da sabuwar lambar gida ta hannun alhazai, kamar yadda muke aika kowane saƙo. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, saƙonmu da masu komawa yake tafiya, masu zuwa kuwa sun riga su. A watan Shawwal na sauya. Na miƙa wa hukuma tsohuwar lambar gaban motar, ta bayan kuwa na ce ta faɗi a hanyar Makka, na jefa ta a aljihun tebur.

Da alhazai suka sauka na kai motar kwanarta, na bar taga a ɗan buɗe don wasiƙu, na koma fili, don lokacin ciniki ne. Mai shayin nan an kama shi a shekarar an mayar da shi gida, shagon ya koma hannun wani mai gyaran agogo da ba ya jin Hausa. Wasiƙu kaɗan na tarar, babu kaset ɗin Yaya. Har haushinta na ji.

Shekara ta zagayo, wani malamin makaranta daga garinmu ya zo da sabuwar lambar a takarda. Ya tarar da ni a cikin motar. Muka gaisa, ya ƙi zama, yana ta kallon gaban motar.

Ya ce, "Alhaji, wannan motar a nan take bara?"

Na ce, "A nan take."

Ya cire hularsa ya riƙe. "Ni na rako Hajiya yayarka. Ba ta bari a gaya maka za ta zo ba, wai so take ta ga fuskarka in ka gan ta. Yini ɗaya muka samu a Jidda kafin jirgi. Mun tsaya daidai nan. Ta ce, 'Malam, ga ta nan, koriya.' Na duba takarda na ce, 'Hajiya, ba lambar ba ce.' Ta ce, 'Sake dubawa, ɗana.' Na sake. Na tambayi mai agogo, ya ɗaga mini kafaɗa. Muka zaga unguwar har la'asar muna neman wata koriyar. Da muka dawo ta dafa motar ta ce, 'Shi ba ya sauya magana. Da tasa ce, da lambar tana nan.' Ta zo maka da kaset, na ce ta jefa ta taga, ta ce ba za ta zuba wa baƙo maganar gida ba."

Na tambaye shi yaya take. Ya ce ta rasu da damina, ciwon kwana tara. Ya zaro kaset ɗin daga aljihu ya miƙo mini, yana ta neman gafarata. Na ce masa ba shi da laifi, abin da aka rubuta masa ya karanta, kuma daidai ya karanta.

Kaset ɗin gajere ne. Ta ce a Makka ta yi shi, ko da za ta iso Jidda ba na kusa. Ta ce gwiwarta na damunta, ta ce ta kawo mini daddawa amma an karɓe a filin jirgi, ta yi dariya.

Washegari na buɗe aljihun tebur na ɗauko tsohuwar lambar, na jingina ta a cikin gilashin gaba, inda mai wucewa zai gani. Abokina ya ce an fara tayin motar saboda sabuwar lamba, kamar yadda ya faɗa. Na ce ba ta sayarwa ba ce.

Bayan 'yan shekaru wayar hannu ta shiga ko'ina, ba wanda ya ƙara zuwa da lamba a takarda. Duk da haka duk Hajji nakan kai ta kwanar, in bar taga a buɗe. Yanzu kuma a ciki nake yini.