Sunan 'Yar Fari a Bakin Yayata

Yayata ce ta tsaya takarar kujerar iyaye a kwamitin makarantar yaranta, a shekarar da na fara zama a gidanta a unguwar Muraƙƙabat ta Dubai ina neman aiki. Da ta faɗa mini sai da na yi dariya. Matar da ko mai shago ya ba ta ruɓaɓɓen tumatir sai ta ce masa shukran, ita ce za ta yi siyasa a Dubai?

Amma tana da dalilinta. 'Yarta ta fari tana da i'ina, kuma mai tsanani. Malamai ba sa jiran ta ƙarasa magana, sai su wuce wurin na gaba. Yaya tana so a kawo malama ta musamman domin irin waɗannan yaran. A kan wannan ta cire kunya ta bi iyaye har bakin motar makaranta, Indiyawa da Misirawa da 'yan Sudan, tana roƙon ƙuri'a da ɗan guntun Turancinta. Ni ce mai riƙe mata jaka, yarinyar kuma ita ta zana mata hoton takara da hannunta.

Ranar zaɓe aka tara mu a babban ɗakin taro, iyaye da yara. Kowane ɗan takara ya tashi sai ya fara da ɗansa. Wata Balarabiya ta kira sunan nata har sau uku, ta ce habibi, wato abin ƙaunarta, ya miƙe a gan shi. Wani Ba'indiye ya lissafo duk kofunan da 'yarsa ta ciyo. Yarinyarmu tana kusa da ni, ta gyara hijabinta, ta matso bakin kujera tana shirin tashi.

Yaya ta karɓi abin magana ta ce, "Ina da yarinya a aji shida." Daga nan ta wuce kan bayaninta.

Ni na san abin da ya faru. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta yabe shi a bainar jama'a. Haka mahaifiyarmu ta yi wa Yaya har ta koma ga Allah, kuma Yaya ba ta taɓa shakkar ana son ta ba. To amma ita a Kano ta tashi, inda kowace 'yar fari haka ake yi mata. Yarinyar kuwa a nan aka haife ta, a cikin ƙawayenta kaf babu wadda uwarta ke ce mata "ke". Ina kallo ta koma ta jingina a hankali.

Yaya ta ci zaɓen. A cikin jirgin ƙasa na metro muna dawowa, tana ta amsa barka a waya, yarinyar ta ja mata hannu. Ta daɗe tana kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Umma, don ba na iya magana ne?"

"Wace irin magana ce wannan? Ai don ke na tsaya."

"To ki faɗi sunana."

Na ce a hankali, "Yaya, ki faɗa mana, ba wanda ya san mu a nan." Haushi ya kama ni. Wallahi Yaya ta yi ƙoƙari, idonta ya cika da hawaye. Abin da ya fito shi ne, "Ke, riƙe ƙarfen nan kar ki faɗi."

An kawo malamar, yara da yawa sun amfana. Tamu yarinyar ta ƙi shiga ajin ko sau ɗaya. Yanzu tana jami'a a wata ƙasa, kuma ni take kira idan tana da labari. Zuciyata na karyewa duk lokacin da na ajiye waya, don na san Yaya tana bakin ƙofa tana saurare. Sai ta shigo kamar wani abu take nema, ta ce, "Lafiyarta ƙalau dai ko?"