Albasa a Kunnen Hadiza

Jiya na kai jikata asibiti a Jega. Da ma'aikaciyar ta ɗauko 'yar fitilar duba kunne, sai na tuna da tsohon malamin asibitinmu na Aliero.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, kunnen autata Hadiza ya kwana uku yana zubar da ruwa. Na matse albasa na ɗiga mata, yadda kowa ke yi a garinmu. Da abin ya ƙi, na kai ta wurinsa.

Shi ba ya fara leƙawa. Sai ya ɗumama bakin fitilar a tafin hannunsa, sannan ya sunkuya ya shinshina kunnen.

"Ɗiyata, mi kinka ɗiga mata?"

"Ba komi, Baba."

Bai yi mini faɗa ba. Ya kunna fitilar, ya jawo ni kusa. "Leƙa da kanki."

Ciki ya yi ja wur, ya kumbura, ga mugunya.

"Albasa ta miya ce. Da kin ƙara mako, da sai dai ki riƙa yi mata magana da hannu."

Yau Hadiza ko raɗa aka yi a zaure sai ta ji. Allah ya haskaka kabarinsa, ya jiyar da shi kira mai daɗi ranar tashi.