Riga Biyu Na Ɗinka

Mu a ɗakinmu tagwaye ba abin mamaki ba ne. Kakata ta wajen uwa sau biyu ta haife su a Maska. Innata ta haife ni da ɗan'uwana rana ɗaya, ni kuma a haihuwata ta uku na sauke 'yan mata biyu. Har tsokanarmu ake yi a gidan biki, wai duk wanda ya auri 'yar gidanmu ya tanadi rago biyu. Dariya muke yi, don ba ƙarya aka yi mana ba.

'Yata ta fari Mahuta aka kai ta aure. Da yake ta fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. Ko faɗuwa ta yi tana ƙarama, sai dai wata ta ɗaga ta, ni ina kallon wani wuri. Haka aka koya mana kunyar ɗan fari, kuma har yabona ake yi a kan na iya ta. Yau in na tuna yabon nan, ji nake kamar in mari kaina.

Cikinta yana wata shida ta zo gaishe mu. Tun daga bakin zaure na gane. Ciki ya baje gefe da gefe, ƙafafu sun kumbura, ta zauna a tabarma tana haki kamar wadda ta ɗauko buhu. Ai na san wannan cikin, na ɗauki irinsa. Amma uwa ta dubi cikin 'yar fari ta yi magana? Sai na kawar da kai, na ce a dama mata fura. Tana tafiya na hau keken ɗinki na ɗinka 'yan riguna guda biyu, na cusa su ƙasan akwati.

A al'adarmu haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Na aika a turo ta, uwar mijinta ta ce sai an gama cire masara, gida cike yake da 'yan aiki, wa zai tuƙa musu tuwo? Da abin ya hana ni sukuni, na hau babur na tafi da kaina. Na sami uwar mijin a tsakar gida da matan gidan, suna ɓare masara.

Bayan gaisuwa na ce, “Hajiya, yarinyar nan a daure a kai ta Funtua a yi mata hoton ciki. Ina zaton ba ɗaya ba ne. Mu a wajenmu gado ne.”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Gadon wa? Haba Hajiya! Gidan nan tun kakanni ba a taɓa haifar tagwaye ba. Ke ma fa gidan noma kika tashi. In kin shuka farar masara a gonar aro, ja za ta fito don mai gonar ja yake shukawa? Ɗa irin ubansa yake bi, namu kuwa ɗaya-ɗaya yake zuwa.” Sai ta juya wajen matan ta ce, “Ikon Allah! Yau ga uwa ta zo tana ƙirga abin da ke cikin 'yar fari. Kai, zamani!”

Suka kwashe da dariya, ni kuma dariyar nan ta gama da ni. Ina da gaskiya a bakina, ina da shaidar mata uku a bayana, amma wai kada a ce ba ni da kunya, na ja mayafina na yi sallama. Yarinyar tana madafi tana hura wuta, hayaƙi ya cika mata ido. Na wuce ta gabanta ban ce mata uffan ba.

Naƙuda ta kama ta wata ranar Talata da hantsi. Namiji ya faɗo lafiya, ungozoma ta yanke cibi, aka rangaɗa guɗa, aka ɗora ruwan wanka. Yarinyar ta ce har yanzu akwai abin da ke motsi a cikinta. Aka ce mabiyiya ce ba ta faɗo ba, aka miƙa mata kwalba ta yi ta busawa. Tun hantsi har azahar suna sa ta busa kwalba! Ba wadda ta ce a duba ko akwai na biyu, tunda an riga an yanke hukunci cewa gidan ba sa yin tagwaye. Sai da ɗan hannu ya leƙo sannan aka tashi neman mota, motar kuwa ta tafi kasuwa da masara.

Bayan la'asar suka isa Funtua. Can na same su. An ceto uwar da ƙyar, an ƙara mata jini. Ta biyun mace ce, cikakkiya, da gashinta baƙi wuluk, amma ba ta zo da rai ba. Wata ma'aikaciyar asibitin ta tambaye ni ko akwai tagwaye a danginmu. Na ce akwai. Ta ce irin waɗanda ba sa kama da juna sun fi bin dangin mace, me ya hana mu kawo ta tun da wuri?

Ranar suna rago ɗaya aka yanka. Hajiya uwar mijin tana zaune a tsakar gidanta cikin baƙi, duk wadda ta yi mata barka haɗe da jaje sai ta ce, “Ƙaddara ce, wa ya isa ya sani?” Na yi imani da ƙaddara, wallahi na yi. Amma sau uku na ji ta faɗi wannan maganar, a na huɗu na miƙe. Na zaro rigunan nan biyu daga jakata na ajiye mata a cinya.

Na ce, “Ni na sani. Na kuma faɗa miki a nan, gindin turmin can, kika sa aka yi mini dariya.”

Wata tsohuwa ta fara cewa in yi haƙuri, in tuna 'yar fari ce. Na ce ta riƙe haƙurinta, wanda na yi a baya ya ishe ni.

Na kwashe rigunan na shiga ɗakin mai jego. Tana jingine da bango, jariri a ƙirjinta, kuma duk ta ji abin da aka yi. Na buɗe baki na kira sunanta, karo na farko tun da na haife ta. Rigunan take kallo.

Ta ce, “Inna, yaushe kika ɗinka su?”

Na ce, “Ranar da kika zo gaishe mu.”

Ta ce, “Ranar nan har la'asar ina zaune a gabanki, Inna. Da ni kika faɗa wa, da ko da ƙafa ne na tafi Funtua.”