Yau Babu "Daga Sama"

A ofishin ƙaramar hukuma wani dattijon sakatare yana zaune, hularsa ta jiƙe da gumi, hatimi a hannunsa. Da ganinsa ka san ya shekara talatin yana sallamar jama'a da "sai mun ji daga sama." Yanzu masu ba da tallafi sun ce rijiyar burtsatse ɗaya za su haƙa, kuma ofishinsa ne zai zaɓi wurin. Mutanen unguwa biyu sun cika baranda, kowa ya murtuke fuska. Yana kallon waya, yana kallon rufi.

"Baba," in ji wata mata riƙe da jarka, "daina ɗaga kai. Yau kai ne saman."