Ranar da Malam Ya Hau Dutsen Muƙaɗɗam

Akwai wata yammar Juma'a a Alƙahira da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. A shekarar 2014 ne, wata biyar da zuwana wurin mijina, Allah Ya jiƙansa, lokacin yana karatu a can.

Ni a gindin duwatsun Kwatarkwashi aka haife ni, na tashi ina hawansu kamar akuya. Ɗakin da muke haya a unguwar Faisal kuwa a ƙasan bene yake, in na buɗe taga bangon maƙwabta kawai nake gani. Ban iya Larabcinsu ba, ba na fita. Ƙunci ya dame ni, har wata rana na ce masa, "Malam, garin nan ko sararin sama babu. Ka haɗa ni da masu komawa gida ƙarshen wata." Da gaske nake, har na fara haɗa kaya.

Bai musa ba. Ya ce, "To, amarya. Amma ki bari ranar Juma'a in kai ki wani wuri tukuna."

Da ya dawo daga masallaci muka shiga ƙaramar bas. A hanya ya saya mana koshari, abincinsu na shinkafa da taliya da ƙananan wake, da soyayyar albasa da miyar tumatir a kai. Daga nan muka ɗauki tasi, mota ta kama hawan dutsen Muƙaɗɗam tana lanƙwasa. Iska ta canja, kunnena ya toshe ya buɗe, na ji kamar gida za mu. Shi kuwa ya riƙe kujerar gaba, leɓensa na motsi. Na ɗauka tilawa yake yi.

Muna sauka na manta da kaina. An jera kujerun roba a bakin dutsen, ga masu shayi, ga mai gasa masara. Na nufi bakin da sauri. Wayyo Allah! Gari duk ya shimfiɗu a ƙasana, hasumiyoyin masallatai ba adadi, motoci kamar tururuwa, can nesa cikin hazo ga dalar Fir'auna a tsaye.

"Malam, zo ka gani! Wallahi ga dala can!"

Na waiwaya, sai na hango shi can baya rungume da turken fitila, yana gumi duk da sanyin iskar.

"Ina gani daga nan," in ji shi.

Wani dattijo mai shayi ya tuntsire da dariya, ya faɗa masa magana da Larabci. Na dawo na tambayi Malam me ya ce. Malam da bakinsa ya fassara mini: "Wai in yi haƙuri, amma matata ta fi ni zuciya." Sannan ya rage murya. "Ni fa mutumin Haɗeja ne, rumbu ne iyakar hawana. Shekarata uku a nan abokai suna ja na in zo, ina ƙi. Kin zaci son duhu ne ya sa na kama ɗaki a ƙasa?"

Na yi dariya har da hawaye. Yanzu in na tuna, ba dariyar ce ke fara zuwa mini ba.

Dattijon ya ce, "Yalla, ya Shehu," wato taho mana, ya zaunar da shi a kujera, ni kuma na koma bakin dutsen. Malam ya rufe ido, ya riƙa jan kujerar kaɗan-kaɗan har ya iso kusa da ni. Aka kawo mana hummus sham, romon wake mai zafi a kofin gilashi, da lemon tsami da barkono. Malam ya miƙo mini kwanon kosharin, sai ga tawa matsalar: ban taɓa cin abinci a gaban mutane ba, balle kwano ɗaya da miji.

"Ki ci mana."

"A titi, Malam? Ana kallo?"

"In kin kai loma, ni ma zan buɗe ido."

Na kai loma. Ya buɗe ido ɗaya, ya yi salati, ya buɗe ɗayan. Muka cinye kosharin nan tas, barkono na sa shi tari. Da rana ta faɗi, kiran salla ya tashi daga masallatan garin gaba ɗaya, yana hauhowa har inda muke. Ban taɓa jin irinsa ba.

A hanyar saukowa na ce, "Juma'a mai zuwa ma za mu zo?"

"Ba tafiya gida za ki yi ba?"

"Wa ya ce?"

Ya dafe kai. "Inna lillahi! Wato na jawo wa kaina."

Ban tafi ba. Na zauna har ya gama karatunsa, sau huɗu muka ƙara hawa, kuma ko sau ɗaya bai daina gumi ba. Bayan mun dawo gida da 'yan shekaru ya kwanta ciwo na kwanaki kaɗan, Allah Ya karɓi abinsa.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya yi maka alheri, kada ka tsaya ga daɗin da ka ji, ka dubi abin da ya daure kafin ya yi maka. Ka kuma gode masa tun yana iya ji. Ni a ranar dariya kawai na yi masa.