Odell Gaskin Ya Sauko Daga Rufi

Ranar Alhamis ɗin share fagen babban tseren mota, tun kanikawa ba su gama kurɓar gahawarsu ba, Mista Odell Gaskin ya riga ya haye rufin da ke can ƙololuwar kujerun 'yan kallo. Kayan aikinsa ba yawa: madubin hangen nesa, oba-obar magana da direba a ɗamara, abin sawa a kunne, sai burodin masara da matarsa Mis Earline ta naɗe masa a takarda. Ba ya zama. Yakan jingina da ƙarfen da ya kewaye rufin, ya bi filin da ido lungu-lungu, kamar manomin da ya zo duba gona bayan ruwa.

A wannan lokacin filin ba shi da daɗin kallo. Kujeru dubbai babu kowa a kai, iskar teku na bi ta ƙarƙashinsu tana wani gunji da ba ka iya cewa ga inda yake fitowa. Katangar da ta kewaye titin tseren fara ce fat, domin duk inda mota ta daka, kafin gari ya waye masu fenti sun shafe. Baƙo ya gani sai ya rantse ba a taɓa ƙwarzanarta ba. Mista Odell kuwa ya san abin da ke ƙarƙashin kowane shafi, ya san sunan mai shi. In idonsa ya kai kwana ta uku ta titin sai ya cire hula, ya ɗan jima, sannan ya mayar.

'Yan rufi muke ce musu. Direba a ɗaure yake tamau a kujerarsa, kai cikin hular kwano, wuya a kafe, ko waiwaye ba ya iyawa. Abin da ke gefensa da abin da ke bayansa, sai wanda ɗan rufi ya raɗa masa a kunne. "Akwai mota a samanka. Tana nan. Tana nan. Ka fita." Shi ke nan aikin, daga ɗaga tuta har sauke ta. 'Yan kallo sun san direba, sun san launin mota, har mai kamfanin da ya manna tambarinsa a bonet sun sani. Wanda yake tuƙa rabin motar da baki daga sama, ko sau ɗaya ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba.

Mu mutanen tsere an san mu da camfi, kuma ba ma musu. Ba ma son koriyar mota. Ba a shigo mana da gyaɗa mai ɓawo. Lamar Pickett, wanda ya yi shekaru yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da shi a rufin, ya taɓa hawowa da ƙullin dafaffiyar gyaɗa don tsokana kawai.

Mista Odell ko juyowa bai yi ba ya ce, "Lamar, ko ka sauka da ita ta matakala, ko in saukar da ku ku biyun ta gajeriyar hanya."

"Haba dattijo, kai da kake dikon a coci?"

"A coci nake dikon. Nan rufi ne."

Lamar ya sauka yana dariya, amma bai sake ba. Ya san dalilin da ya sa mutumin nan ba ya wasa da ranar Alhamis, domin yana wurin aka yi.

Dewey Maddox abokin Mista Odell ne tun na ƙuruciya a ƙauyensu na Karolina ta Arewa. A tsohuwar rumfar shanya taba suka harhaɗa motarsu ta fari, ɗaya ya shiga ya tuƙa, ɗaya ya hau sama ya zama idonsa. Wata Alhamis motar Dewey ta ƙwace a kwana ta uku, ta wulwula, hayaƙin taya ya rufe titi. To, akwai tsohuwar doka da kowane direba ya sha tun a nono: in ka ga hayaƙi, ka saita hancin motarka daidai inda waccan take juyawa, ka danne totur. Titin a karkace yake kamar gefen kwano, kafin ka isa ta gangara ƙasa ta ba ka hanya. Dokar ta ceci rayuka da yawa. Ran nan motar Dewey ba ta gangara ba, wanda ke tafe kuma ya bi doka, ya dake ta. Mista Odell yana kallo tun daga nesa, amma oba-obarsa kunnen mutum ɗaya take shiga, mutumin kuma Dewey ne, wanda motarsa ke tsaye.

Al'adarmu, direban da ya yi hatsari in yana da rai sai ya sauke ragar da ke tagarsa, kowa ya gani ya saki numfashi. Ragar Dewey ba ta sauka ba. Lamar ya ce Mista Odell bai ɗaga murya ba, magana kawai ya ci gaba da yi a hankali. "Dewey, sauke raga mu gani. Ina nan, Dewey. Ga su nan zuwa." A kunnensa kuwa numfashi yake ji, yana shiga yana fita, yana shiga yana fita, har ya zamana babu komai sai shuuu ɗin na'ura. Bai daina magana ba. Sai da Lamar ya sa hannu ya zare masa abin daga kunne. Mis Earline ta ce har yau in yana waya aka yi shiru a ɗaya ɓangaren, ajiyewa yake yi.

Da wani ne, da ya bar rufi daga ranar, kuma ba mai ganin laifinsa. Kai ne ka koma, Mista Odell. Kai ne wanda sababbin direbobi ke roƙo a haɗa su da shi, domin muryarka ba ta rawa ko da sama da ƙasa za su haɗe. Ido na bayan ƙeya, mai magana ɗaya. Direbobin da ka ratsa da su ta tsakiyar ƙarafa suna tashi sama, yau ga su nan suna goyon jikoki, wasu ma ba su san fuskarka sosai ba, muryarka kawai suka sani.

Da Harlan, ɗan Dewey, ya girma ya ce shi ma tuƙi zai yi, bai nemi kowa ba sai Kawu Odell. Manyan ƙungiyoyi gurbinsu a babban tseren Lahadi a ajiye yake. Ƙanana irin su Harlan su ne ke zuwa Alhamis su yi kokawa a kan ɗan abin da ya rage. Uban bai taɓa ganin Lahadi ba, ɗan ya ɗaura ɗamarar sai ya gani. Shekara ta zo ya gwada, inji ya buga. Wata ta zo, taya ta fashe. Har furfura ta fara leƙo masa a gemu. A shekarar da muke magana, mai sayar da abincin kajin da ke ɗaukar nauyinsa ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa wannan ne zuwan ƙarshe. Gurbi ɗaya ne, masu nema biyu: motar Harlan da wata rawaya. Wanda ya riga ɗan'uwansa tsallake layi shi ke da Lahadi.

A tseren akwai Merle Upchurch, direban wata babbar ƙungiya, mutum mai baki kamar reza. Kamfaninsa ya sa an yi wa motarsa fenti kore shar, kanikawa har kewaye ta suke yi in za su wuce. Da safen ya tare Mista Odell a bakin gareji.

"Tsoho, har yanzu kana gani kuwa, ko da ka kake yi?"

"Taka dai ko makaho ya gan ta, ɗana. Allah ya kiyaye hanya."

Aka ɗaga tuta, motoci suka dunƙule wuri ɗaya suna ruri, hanci a gindi, ƙofa a ƙofa. Har zagayen ƙarshe Harlan yana layin sama kusa da katanga, rawayar tana layin ƙasa, tana bayansa da tsawon mota guda. Lahadi tana hannunsa. Mahaifiyarsa tana tsakiyar fili ta rufe fuska da tafi.

Sai gaba ta rikice a kwana ta uku. Wata ta taɓa wata, hayaƙi ya turnuƙe fari fat tun daga katanga har ciyawa. Rufi ya kaure da ihu, kowane ɗan rufi yana gaya wa nasa abin da aka saba: "Danne! Danne! Za su gangara!" Kuma suna gangarawa, ja ta fito ta ƙasa, baƙa ta fito, shuɗiya ta fito. Koriya ba ta fito ba. Harlan yana layin sama, motoci sun tokare shi ta ƙasa, ƙafarsa a kan totur har ƙarshe.

Lamar ya ce bai taɓa jin wannan muryar daga bakin Mista Odell ba, kafin ranar ko bayanta.

"Birki, Harlan! Birki! Babanka na ciki!"

Harlan ya taka. Wanda ya san direban tsere ya san abin da ake nufi da taka birki a zagayen ƙarshe da gurbi a hannu, ya fi sauƙi ka ce ya yanke ƙafar. Ta baya ta dake shi, motar ta yi ta jan taya tana kuka cikin hayaƙi, ta tsaya. Rawayar ta bi ta ƙasa ta wuce abinta kafin a kunna fitilar tsayar da tsere.

Iska ta yaye hayaƙin. Koriyar mota tana tsaye a gicciye, gindinta ya maƙale a katanga, ƙofar direba tana kallon masu zuwa. Hancin motar Harlan yana dab da ƙofar, ko mutum ba zai ratsa tsakaninsu ba. Ragar Merle tana nan a ɗaure.

Muryar Harlan ta shigo oba-oba. "Kawu, me ka ce?"

Madubin Mista Odell na kan tagar nan. Sai da ma'aikatan ceto suka iso, ɗayansu ya leƙa ya ɗaga hannu sama alamar da rai, sannan ya sauke madubin, ya zauna a ƙasa.

Lamar ya durƙusa kusa da shi. "Ka san abin da ka faɗa kuwa?"

"Birki na ce."

"Ba shi kaɗai ka ce ba, Odell."

Mista Odell ya dube shi kamar wanda aka tasa daga barci. Har yau ya ce bai tuna ba, kuma mutumin nan ba ya ƙarya.

Merle suma ya yi, da karaya a kafaɗa da haƙarƙari. Ya warke ya koma tuƙi da bakinsa yadda yake. Harlan kuwa mai abincin kaji ya cika alkawarinsa. Aka sayar da motar, ya koma gida yana gyaran taraktoci, bai ga Lahadi ba kuma ba zai gani ba. Ya daina zuwa gidan Kawu Odell, in sun haɗu a coci sai ya bi ta wata ƙofar. A gareji aka rabu biyu, har da masu cewa tsufa ne ya sa tsoho ya tsorata ya kashe wa marayan abokinsa rabo. Masu wannan magana ina jin haushinsu har gobe. Su je su faɗa a gaban 'ya'yan Merle mata in sun isa.

Bana likita ya ce idon ya gaji, Mis Earline kuma ta ce ko bai gaji ba ita ta gaji. Aka yi masa walimar sallama a harabar coci, soyayyiyar kaza da wake da shayi mai ƙanƙara. Ana tsakiyar ci sai ga tsohuwar akori-kura ta tsaya, Harlan ya fito da baƙin mai a farce. Cokula suka tsaya. Ya zo har gaban tsohon ya ja kujera.

"Kawu, ka san ka kashe min Lahadi."

"Na sani, ɗana."

"Da za a maimaita fa?"

"Haka zan ce."

Harlan ya daɗe yana juya kofin shayi a hannunsa. "Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama. Da motar ta tsaya, na ɗaga gilashin hulata na leƙa ta cikin ragar nan. Kansa a langaɓe, yana fuskantata."

Mista Odell ya ce a hankali, "Wa ka gani?"

"Merle na gani." Ya ajiye kofin. "Amma sai da na duba sau biyu."

Tsohon ya tura masa farantin kaza, shi kuma ya ɗauka ya ci.

Mun gode, Mista Odell. Mun gode da shekarun da ka yi a tsaye cikin rana da iska kana aron idonka ga mutanen da ba sa iya waiwaye. Mun gode da ranar da ka zaɓi ɗan amininka ya yi fushi da kai, a kan ya kwana da ran mutum a wuyansa. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar ka da Mis Earline.

Ku kuma samarin da za ku hau rufin nan ranar Alhamis mai zuwa, kowa da direbansa, kowa da gurbin da yake nema masa, ku nema da gaske, aikinku ne. Amma in hayaƙi ya tashi, kafin ku ce a danne, ku yi abin da dattijon nan ya yi. Motar da ke tsaye a ciki ba taku ba ce, mun sani. Wanda ke ɗaure a cikinta uban wani ne.