Mun Yi Bankwanar Hajji, Muka Ƙare a Dangora

Edita, na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuto. A shekarun da ake tara dalar gyaɗa a Kano, kafin a karɓi mulkin kai, ni saurayi ne manomi a wani ƙauye kusa da Tudun Wada. Ba ni da wayo sosai, amma akwai ƙarfi, kuma ban taɓa yi wa mahaifina musu ba. Shi ne limamin ƙauyenmu. Burinsa ɗaya a duniya ya ga Ka'aba, ga shi ciwon gwiwa ya cinye shi, ko gona sai a kan jaki yake zuwa. A lokacin masu tafiya Makka ta ƙasa sukan yi shekaru a hanya, wasu ma ba sa dawowa.

Wata kaka muka kai gyaɗa tashar jirgin ƙasa ta Dangora, muka gamu da heluma, wato shugaban leburorin layin dogo, mutum mai baki kamar ya ara. Ya zaunar da mahaifina ya shaida masa cewa Turawa sun ɗauki aikin jan dogo zuwa Barno, daga can ya tsallaka ƙasar Faransi ya haɗu da na Sudan har bakin teku. Ya rantse aiki ya yi nisa, kafin mu isa ƙarshen layi an gama, mutum yana zaune za a kai shi. Mahaifina bai taɓa shiga jirgi ba, ni ma haka. Muka dawo gida yana murna kamar yaro.

Aka yi bankwana irin ta mai tafiya gabas. Ya bi gida-gida yana neman gafara, ya miƙa limanci ga wani, ya bar wa ƙanensa gona. Tsofaffin gari suka kawo likkafaninsu, kowa da alamarsa, a wanko musu da ruwan Zamzam. Aka raka mu har bayan gari, aka shafa fatiha, mahaifiyata tana kuka tana cewa in kula da ƙafarsa. Jirgi ya kai mu Kano, ya kai mu Nguru, nan layi ya ƙare. Na taka da ƙafata har inda ƙarfen ya tsaya, gabansa ba komai sai yashi da ƙaya. Ma'aikatan tasha suka yi mana dariya, sannan suka tausaya. Suka ce maganar dogon Barno tana nan a bakin manya, amma ko an fara ba ta nan zai bi ba. Wanda ya matsu sai ya hau babbar mota, ya ƙarasa da ƙafa, yana ƙwadago a hanya. Guzurinmu na mai zama a jirgi ne, kuma zazzaɓi ya kwantar da tsohon.

Da ya ɗan farfaɗo na lallashe shi muka juyo. Muna sauka a Dangora ya zauna gindin wata ɗorawa ya ce daga nan ba ya gaba. Wai da wane ido zai dubi mutanen da suka yafe masa, suka yi masa kuka, ya mayar musu da likkafaninsu a bushe? Zai jira a bakin layi har ranar da aka buɗe hanyar gabas. Na roƙe shi, na durƙusa, har na yi masa abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga murya. Sai ya dube ni ya ce idan na aika gida, ko na bari wani ɗan garinmu ya gan mu, bai yafe mini ba duniya da lahira. Wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan kalma take yi wa ɗa. Na haƙura.

Heluman nan, da kunya ta kama shi, ya ba mu bukka a barikin leburori can nesa da tasha, ya sa aka ɗauke ni aikin dukan tsakuwa ƙarƙashin layi. Har yau idan na tuna fuskarsa raina yana ɓaci, ko da yake ya ciyar da mu. Kullum na dawo mahaifina zai tambaye ni ina aikin ya kai, ni kuma in ce ana nan ana yi. Damina ta wuce, wata ta zo. Ranar da ta fi yi mini ciwo, ina tasha na hango maƙwabcinmu da jakuna. Na laɓe bayan buhuna kamar ɓarawo, ina jinsa yana yi wa mai awo alfahari cewa limaminsu yanzu ya tsallake teku. Taku kaɗan ne tsakaninmu. Ina so in tambaye shi lafiyar uwata, amma ina nan laɓe har ya kaɗa jakunansa ya tafi.

Da ciwon mahaifina ya tsananta na sake roƙonsa ya bari in ɗauko mahaifiyata, ko ganin ƙarshe su yi. Ya juya fuska bango. Ya rasu da hantsi wata Laraba, leburori suka yi masa sutura. Na ɗaure kayan mutane na kama hanyar gida.

Mahaifiyata na tsakar gida tana sussuka. Da ta gan ni ni kaɗai ta gane. Ba ta yi ihu ba, ta tambaye ni a wace ƙasa aka binne shi. Na so in yi mata ƙarya, na kasa, na ce Dangora. Ta sa na maimaita. Sannan ta ce duk tsawon lokacin nan tana fita ƙofar gida tana duban gabas tana yi masa addu'ar sauka lafiya, ashe yana bayanta, inda ko da rarrafe za ta iya kai masa fura. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Dogon ya isa Barno daga baya, bai kuwa tsallaka ko'ina ba. Abin da na koya shi ne, kunyar mutanen gari ta kwana kaɗan ce, da mun shiga da an yi surutu an gaji. Ina jan kunnen iyaye, kada ku ɗaure 'ya'yanku da baki a kan abin da zai cuci wani. Masu shirin tafiya kuma, ku tambayi wanda ya je ya dawo, ba wanda ya ji an ce ba. Mahaifiyata ta yi shekaru bayan haka, ina yi mata noma, ina gaishe ta safe da yamma tana amsawa, amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara aikena ko'ina ba.